Kyaftin Ba Shi Da Mata

"Wane ne Kyaftin ɗin nan?"

Tana goye da auta, tana buga babin ƙarshe na littafinta a kwamfuta a kan teburin guga, mijinta ya shigo ko sallama babu.

"Wane Kyaftin kuma, abin ƙaunata?"

"Na littafinki! 'Yar kawu ta gaya min komai. Wai matuƙin jirgin nan ne da ya neme ki kafin ni. Umma ma ta ce ko ki daina, ko ki koma gidanku!"

Kai, 'yar kawu! Tun ranar ɗaurin aurensu take musu baƙin ciki.

Ranta ya ɓaci, amma kewa ta fi yawa. Da can suna ɗaki ɗaya, shi direban bas, ita mai ƙirƙirar labarin bayin Allah da suka bar duniya cikin jirgi, suna neman alƙibla a tsakanin taurari. Yana jijjiga jaririyarsu ta fari, ita kuma tana karanta masa, har su yi musu kan lokacin la'asar a duniyar da ke da rana biyu. Da yara suka ƙaru, aiki ya ci shi. Ya daina tambaya, ita ma ta daina karantawa.

Ta juya masa kwamfutar.

"Karanta da ƙarfi..."

Ya karanta cikin fushi. Kyaftin ya shafa sitiyari ya yi bismillah. Ya tsayar da jirgi don sallah, fasinjoji suna ta gunaguni. Ya birkita ɗaki yana neman makulli, alhali yana hannunsa.

Babbar 'yarsu da ke wanke-wanke ta tuntsire da dariya.

"Wallahi Baba ne! Har minsharin!"

"Ke! Ni ba na minshari!"

Amma muryarsa ta riga ta karye.

"Ni ne?"

"To wa nake da shi?" Hawaye suka zubo mata. "Ka daina zama da ni, sai na sa ka a jirgin don in riƙa jin muryarka. Na yi kewarka, kana cikin gidan nan na yi kewarka!"

Kunya ta rufe shi. Ya kwance auta daga bayanta ya rungume, ya durƙusa gefen teburin.

"Batun Umma kuwa, ki bar ni da ita, ni zan kai mata littafin da hannuna. Yanzu rubuta... Kyaftin ya nemi gafarar matarsa."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ai ba shi da mata a labarin."

"Duk tsawon tafiyar nan shi kaɗai? Haba masoyiya, kin zalunci bawan Allah!"

"Wace ce za ta jure shi?"

Ya riƙo hannunta ya ɗora a kan maɓallan.

"Wadda ta jure shi a ƙasa. Sa ta a kujerar gaba, kusa da shi."