Rijiyar da Aka Toshe

Rana ta yi ja, Mai Famfo yana zaune a tsakar gida yana sauraron kukan injinsa, wanda ya fi masa kowace waƙa daɗi. Tun da ya toshe bakin rijiyar gidansu da kankare, ya ɗora inji yana ɗura ruwa a leda, harka ta buɗe. Ma'aikata goma, motoci biyu. Ƙaramar ƙofar da maƙwabta ke bi su ɗebi ruwa tun zamanin kakansa kuwa, ya sa an liƙe ta da bulo. Ci gaba ke nan, in ji shi.

Dutsen farko a kan kwanon rufi ya faɗo. Na biyu ya tarwatsa taga. Na uku ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Duwatsun a jiƙe suke, duk gansakuka.

Sai autarsa ta fito da wata tafiya da ba tata ba, ta durƙusa, ta shiga buga kanta da kankaren. Ya riƙo ta, ta yi jifa da shi jikin bango kamar tsumma, kafaɗarsa ta goce. Kwana uku, kowace magariba haka. Ihunta har bakin titi, amma ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Tsoro ya kama shi, ya tabbata yarinyar mutuwa za ta yi.

A rana ta huɗu da la'asar aka kawo malam. Ya daɗe yana karatu kafin wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce a rijiyar take tun kafin a yi gidan, ruwan da ke zuba daga guga take sha, hirar masu ɗiba take ji. Yanzu an bar ta cikin duhu da ƙarar ƙarfe.

Mai Famfo ya yi tayin rago, ya yi tayin bijimi. Muryar ta yi dariya.

“Maƙwabci nake so. Ya ja ruwa da hannunsa ya zuba wa yarinyar nan kafin rana ta faɗi. In babu, kanta zan fasa.”

Da hannu ɗaya ya ɗauki guduma, ya rushe bulon, ma'aikata suka fasa kankaren. Ya bi gida-gida yana roƙo, raunin goshinsa ya sake fashewa, jini na bin fuskarsa. Wasu suka ce ba sa nan, da bakinsu.

Rana saura ƙiris, wata tsohuwa mai wankau, wadda ya taɓa kora a gaban mutane, ta shigo da guganta. Ta ja ruwa tana haki, ta kwarara wa yarinyar. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta kira babanta.

Ya zube a gaban tsohuwar yana kuka. “Iya, na gode.”

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta sake zura gugan.

“Ba don kai na zo ba. Da ruwan nan na yi wa Auta wankan farko.”