Hoton da Ya Fito a Juye

Da ƙarfe tara na safiyar Talata, Sufeto yana tsaka da faɗa da fankar ofishinsa da ta ƙi juyawa, wani mutum ya shigo yana huci, Kofur na biye da shi.

"Yallaɓai, sata aka yi mana, kuma na san ɓarauniyar. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Sufeto ba mutum ne mai gaggawa ba. Ya ajiye sandar da yake zungurar fankar da ita, ya nuna masa kujera.

"Me ta sata?"

"Fim. Fim ɗin hoton ambaliya na mahaifinmu. Ta sayar wa masu tara kayan tarihi, na rantse."

Ko Kofur, da ba ya karanta komai sai sakamakon ƙwallo, ya san wannan hoton. Shekara arba'in ke nan da ruwa ya karya gadar garin, aka ɗauki wani mai burodi yana ratsa ruwa iya ƙirji, ya ɗaga jaririyar wasu sama da kansa. Hoton ne ya fito da sunan marigayi Mai Hoto, mahaifin mai ƙarar, wanda ya rasu bara.

Shagon marigayin yana tsakanin wani tela da mai sayar da gilashin ido. A ciki suka tarar da ƙanwar, wadda kowa ke kira Auta, sanye da farar safar hannu, idonta ya kumbura. Kusa da ita wani tsoho siriri yana zaune a kan benci, ya haɗa hannuwa a kan gwiwa. Baba Duhu ake ce masa, don shi ya yi wa marigayi wankin hoto a ɗakin duhu tun yana saurayi.

Sufeto ya duba ƙofa, ya duba taga. Ba a ɓalle komai ba.

"Mutum nawa ke da makulli?"

"Uku," in ji Auta. "Ni, da Yaya, da Baba Duhu."

"Me kike yi da waɗannan finafinan?"

"Ina shigar da su kwamfuta kafin su lalace. Ranar Asabar za mu baje hotunansa don tunawa da shi. Wata uku ina wannan aikin, Yallaɓai, yau kuma ni ce ɓarauniya." Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba.

"Nuna mini yadda ake yi."

Ta zaro wani fim daga ambulan. Ba irin siririn nan ba ne, faɗinsa ya kai yatsu uku, kowane hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Naɗi ɗaya hoto goma sha biyu yake ɗauka, ana yanka shi uku-uku. Ta hure masa ƙura da 'yar roba, ta ɗaga murfin sikana, injin da ke shigar da hoto kwamfuta, ta nuna fitilar da ke cikin murfin, wadda ke haska fim ɗin ta sama. Ta kwantar da shi, ta rufe, ta danna. Injin ya yi ta gurnani a hankali, can sai ga wasu amarya da ango sun fito a allon kwamfuta, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi.

"Ikon Allah," in ji Kofur.

"Na ambaliyar fa?"

"Shi na bari ƙarshe. Jiya da ƙarfe ɗaya na ajiye ambulan ɗin a nan, na tafi ɗauko yara daga makaranta. Na dawo ƙarfe uku, ban duba ba. Yau da safe babu shi, duka goma sha biyun."

Sufeto ya juya wajen yayan. "Jiya ka zo nan?"

"Ni? Rabona da shagon nan tun sadakar... tun makon rasuwa."

"Kai fa, Baba?"

"Da hantsi na zo, na faɗa mata sunayen mutanen da ke cikin hotuna, na koma gida. Ni da wannan inji sai kallo, ɗana. Ban san kansa ba."

Sufeto ya fita wajen tela. Tela kuwa irin mutanen nan ne da ƙafarsu ke kan keke, idonsu na kan titi. Tun kafin a gama tambaya ya fara amsa.

"Yayan nata ya zo, mana! Wajen ɗaya da rabi, da wani mutum da igiyar awo. Suka auna gaban shagon suka tafi. Ai so yake ya mayar da wurin shagon waya, kowa ya sani."

"Sun shiga ciki?"

"Shi ya leƙa. Bai fi minti biyar ba."

"Bayan su fa?"

"Daga nan na tafi cin abinci, ba zan yi maka ƙarya ba."

Da aka maimaita wa yayan wannan magana, sai ya hau sosa ƙeya. Ya ce ai ba ya so Auta ta ji zancen awon ne kafin Asabar. Auta ta dube shi. Kofur har ya fara laluben ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Mai ƙarya daban, ɓarawo daban, ko da yake sukan kwana gida ɗaya.

"Malama, buɗe mini duk abin da injin nan ya ɗauka jiya."

Auta ta buɗe. Tana gangarawa ƙasa sai hannunta ya tsaya cak.

"Wannan ba ni na yi ba."

Ga mai burodi, ga jaririya, ga ruwa. Kwamfuta ta rubuta lokacin: ƙarfe biyu da minti goma na ranar Litinin.

"To fa," in ji Kofur. "Ɓarawo ya sace kaya ya bar wa masu shi kwafi? Yallaɓai, wannan ai ɓarawo ne mai tarbiyya."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon hoton. A bayan mai burodin akwai allon wani kanti da ruwa ya kusa cinyewa.

"Me ya sa rubutun allon ya koma baibai?"

Auta ta matso. "An kifa fim ɗin ne. Fim fuska biyu gare shi, mai ƙyalli da marar ƙyalli. A sikana mai ƙyallin ke kallon ƙasa. In ka sa marar ƙyallin ƙasa, hoto ya fito a juye, dama ta koma hagu."

"Ke kina yin wannan kuskuren?"

"Na yi a makon farko. Yanzu ko ido rufe ba zan yi ba."

"Akwai wani abin da ya bambanta da naki?"

Ta buɗe na amaren, ta jera su. Nata yana da baƙin baki kewaye da shi. Na ambaliyar an datse bakin tas.

"Ni da gefen fim ɗin nake ɗauka. Shi wannan a cikin firam ɗin roba da ke riƙe fim ya sa shi, firam ɗin ya rufe gefen."

"Me ke gefen da har kike son a gani?"

Ta faɗaɗa hoton amaren. A bakin hagu akwai 'yan giɓi biyu ƙanana.

"Alamar Babanmu ce. Da magagari ya yi wa cikin kyamararsa, duk fim ɗin da ya bi ta cikinta sai ya fito da su. Tsofaffin masu hoto duk sun san ta. Shi ya sa na ce ranar Asabar zan buga na ambaliyar ƙato, da alamar a jiki."

"Wa kika faɗa wa haka?"

"Baba ne kawai, ranar Lahadi."

Sufeto bai dubi tsohon ba. Ya zaro wani fim da ba shi da muhimmanci, ya ajiye a tebur tare da firam ɗin roba.

"Kowa zai saka mini wannan a ciki. Yaya, bisimilla."

Yayan ya damƙi fim ɗin da yatsu a tsakiya kamar mai ɗaukar katin waya. Auta ta yi ƙara, "Wayyo, Yaya, za ka ɓata shi!" Ya yi ta kokawa da firam ɗin, bai ma gano inda ake buɗe shi ba.

"Ya isa. Baba, saura kai."

"Ɗana, na ce maka ban iya ba."

"Gwada dai."

Tsohon ya tashi. Ya ɗauki fim ɗin ta gefe da gefe, yatsansa bai taɓa hoton ba. Ya karkata shi ga hasken taga, ya hure shi, ya buɗe firam ɗin da babban yatsa, ya zura shi sumul. Sufeto ya karɓa ya miƙa wa Auta.

"Wace fuska ce a ƙasa?"

Ta duba. "Marar ƙyallin."

"A injin buga hoto na ɗakin duhu, wace fuska ke kallon takarda, Baba?" in ji Sufeto.

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Marar ƙyallin. Shekara arba'in da biyar hannuna yana yin haka. Sabo turken wawa."

"To Baba, ƙarar da ke gabana sunan yarinyar nan ke ciki. In fim bai fito ba, ita zan tafi da ita."

"A'a. Kada ka taɓa ta."

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da ambulan ɗin, naɗe cikin farin hankici. Auta ta karɓa. Ba wanda ya ce ta yi, ta kwantar da fim ɗin a sikana, da gefensa duka, ta danna. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin injin da keken tela ta bango.

Hoton ya fito daidai, rubutun allo ya karantu. Bakin hagu kuwa santsi ne daga sama har ƙasa, babu giɓi ko ɗaya.

"Ba kyamarar Babanmu ba ce," in ji Auta.

"Tawa ce," in ji Baba Duhu. "Wata tsohuwa da na saya a gwanjo. Ranar da gada ta karye zazzaɓi ya kwantar da mahaifinku, ni na fita. Na wanke, na buga, na danna hatimin shago a baya kamar kullum. Ɗan jarida ya zo ya ɗauka, washegari sunan maigida ya fito a ƙasa. Maigida ya ce mini gobe zai je a gyara. Goben nan ce ba ta zo ba."

"Ba ka taɓa magana ba?" in ji Sufeto.

"In ce me? Shi ya koya mini sana'a, shi ya tsaya mini da na yi aure, shi ya binne mini ɗa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, na yi shekaru ina ji. Amma kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa, na kuwa yafe. Sai ga wannan ta ce za ta rataya hoton da gefensa a gaban tsofaffin masu hoto. Kallo ɗaya za su yi masa su gane. Mutum yana kabari a tona masa asiri, a gaban 'ya'yansa? Na ce gara in ɗauke fim ɗin, in bar mata hoton ta yi hidimarta, tunda na sha kallon yadda take danna injin. Ban taɓa zaton ita za a tuhuma ba. Auta, ki yafe mini."

Yayan ya sulale ya zauna a benci, ya rasa inda zai sa idonsa. Auta tana hawaye, ta ce, "Yallaɓai, mun janye ƙarar."

"Wanda ya kawo ƙara shi zai janye ta, kuma a ofis. Baba, sai ka zo mu rubuta bayani. Yadda zan rubuta cewa mutum ya saci abin da shi ya yi, wannan kuma ciwon kaina ne."

Kofur ya taɓa ankwa, Sufeto ya harare shi, ya mayar da hannunsa aljihu. Shi da kansa Sufeton ya buɗe wa tsohon ƙofar gaban mota.

Auta ta biyo su har bakin titi, safar hannunta ba ta cire ba.

"Baba, ranar Asabar sunan wa zan rubuta a ƙasan hoton?"

"Bar shi yadda yake, 'yata. Datse gefen kawai."

"Ba zan datse ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonta ta tagar mota. Leɓensa ya motsa, ya goge ido da bayan hannu.

"To in dai sai kin rubuta, sa nasa a sama," ya ce. "Nawa ki yi shi ƙarami."

Kofur ya tada mota.