Zanga-zangar Mutum Ɗaya

"Auta, wa kike kai wa sirrinmu?"

Sakataren ƙungiyarsu ne ya tsare ta da ido a gaban 'yan unguwa.

Tun da damina ta sauya hali ambaliya ke cin gidajensu. Fadamar da ke shanye ruwan kuma majalisar gari ta sayar, za a cike ta a gina shaguna. Duk ranar da suka shirya zaman dirshan, sai 'yan sanda su riga su isa.

"Saurayinki Dogo a ofishin filaye yake aiki," in ji Sakatare. "Sai an fassara miki?"

Ko Umma kullum cewa take, "Mai cin albashinsu ba zai zama naku ba."

Da yamma Dogo ya zo zance.

"Rabin raina, yaushe za ku sake fita?"

Ina ruwansa da ranar?

"Jibi... a ƙofar majalisa."

Ƙarya ta shirga masa, a bakin fadama za su taru. In 'yan sanda suka nufi majalisa, ta kama shi.

Ranar, a bakin fadamar suka tarar da 'yan sanda! Tana waigawa ta hango Sakatare ya sulale cikin motar ɗan kwangilar da zai cike fadamar, ko kunya babu. Ashe shi ke kai sirrin. Matan unguwa suka zauna cikin taɓo gaban katafila, suka ƙi motsi, har shugaban majalisa ya aiko a dakatar da aikin.

Ana ta guɗa, ita kuwa sai ta tuna da Dogo. Ta ruga majalisa.

Yana nan tsaye cikin rana, shi kaɗai, riƙe da kwalin "A bar mana fadama", abokan aikinsa na leƙensa ta taga.

"Tun safe nake jiranku," ya ce da murmushi. "Sun kore ni daga aiki, amma ba komai. Ina mutanen?"

Hawaye ya ƙwace mata.

"Masoyina... a fadama muka taru."

Murmushin ya gushe.

"Gwada ni kika yi?"

"Cewa aka yi kai ne..."

"Ke kuma kika yarda." Ya ajiye kwalin a hankali. "Fadamar ta tsira?"

"Ta tsira."

"Alhamdulillahi. Koma, suna jiranki."

"Dogo, don Allah!"

Ta kira shi da duk sunan da ta saba lallashinsa da shi. Bai waiwayo ba.