Masu Tsaya wa Dalhatu

Sabon kwaɗon ƙofa, baƙin bunsuru, ƙasar ƙofar kotu a ƙulle cikin leda, sabulu guda. Abin da Dalhatu ya ɗauka ke nan. Ya wuce Na'ibawa da hantsi, ya saki titin Zariya, ya yanki daji wurin wani boka.

Ɗan ƙanin mahaifina ne. Sabulun wanki yake yi a Sharada da inji ɗaya. Wani babban kamfani ya maka shi a kotu, wai ledar sabulunsa ta yi kama da tasu, aka garƙame masa wurin. Lokacin ban daɗe da dawowa daga karatun lauya a waje ba. Na ce ya canza leda, a nemi sulhu. Ya ce, "Yaya, kai boko ya gama da kai."

Bukkar bokan ba ta da taga. Kan mujiya a rataye, ƙwarya cike da daskararren jini, wari ya fi na majemun Challawa. Bokan ya yanka bunsurun, ya kwaɓa jinin da ƙasar kotu, ya cusa a ramin kwaɗon.

"Kulle da hannunka. Bakin duk mai ƙararka ya kullu."

"Me zan biya?"

"Kai? Ko sisi. Wanda ya tsaya maka shi zai biya."

"Wace irin tsayawa?"

"Tambaya ta kawo ka ko buƙata?"

Dalhatu ya danna kwaɗon.

A kotu lauyan kamfanin ya miƙe, ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Aka kori ƙarar. Luka, mai kula da inji, shi ya tsaya wa Dalhatu shaida. Bai ga ƙarshen damina ba, injin ya ja shi ta hannun riga.

Arziki ya ɓarke: masana'anta a Bompai, tireloli a Dakata, bene a Hotoro. Wanda ya san ba mai kayar da shi ba ya taka-tsantsan. Ya cinye filin maƙwabci. Ya saki ruwan sinadari a gonakin mutane. Duk kamun da aka yi masa sai an nemi mai tsaya masa beli. Ƙaninsa Muhyiddeen ya tsaya, aka tsinci gawarsa a kan sallaya. Matarsa Mas'uda ta tsaya, yau tana ɗaure a ɗaki tana gatsar sabulu tana dariya.

Kano ba ta rasa masu lura. Ma'aikata suka watse, injina suka yi tsatsa, ba lauyan da ke ɗaga wayarsa.

Jiya bayan la'asar ya zo ƙofata, ƙafa duk faso. Nan ya zayyana mini abin da na faɗa muku.

"Yaya, gobe za a shiga kotu. Ba ni da kowa. Ka tsaya mini sau ɗaya, don girman Allah."

"Tun yaushe ka gane?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun Luka."

"Amma ka kai Mas'uda."

"Da sun tsare ni, Yaya."

To, mai ƙaramar sana'a, ka ji. Shari'a tana cin lokaci, tana cin jari, wani sa'in ta ci gaskiyarka. Boka mutanenka yake ci, kuma kai za ka miƙa masa su da hannunka. Kwaɗayi ba ya ƙoshi sai gida ya zama kango.

Ya kama gefen rigata. Na ɓamɓare yatsunsa, na tura ƙyaure, na sa sakata.

Na ce, "Gobe kai kaɗai za ka tsaya wa kanka."