Ƙafafu a Gefen Dattijuwa

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Yaya Sahura ta jawo tabarma tsakar gida, 'ya'yan ƙanin babanta, Mudi da Ladiyo, suka zauna suna manne da ita. Ta yi ƙasa da murya.

"Mudi, kashe tocilan nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi dariya. A gidan nan abin ya faru, da babana da babanku."

Sannan ta fara.

Kun san Dattijuwa, motar nan mai dogon baya da ke rumfar ƙofar gida. Kakanmu ne ya saye ta. Da ya rasu ta zama ta su biyu, babana Ilu da babanku Haladu. Ta yi tafiya har agogon da ke ƙirga nisa ya gaji ya tsaya. Da ita ake ɗauko hatsi daga gona. Da ita ake kai Kaka Yalwa asibiti a Zariya duk wata saboda ciwon sukarinta.

Baba ba makanike ba ne, malamin gona ne. Amma ba ya yarda wani ya taɓa motar. Duk Asabar zai wanke filogi da fetur, ya duba ruwan lagireto, ya ɗaure fanbel, ya kasa kunne ga injin kamar mai sauraron numfashin mara lafiya.

Babanku kuwa so yake a sayar. Kullum maganarsa ɗaya ce.

"Yaya, ƙarfe ma yana tsufa. Wata rana za ta tsaya mana da Inna a daji."

Baba ya ce, "In na mutu ka sayar."

Wata shekara aka zo gina kwata a layinmu, aka haƙe ƙofar gida. Babu wurin ajiye mota. Baba ya zaga da ita kangon bayan gida. A lokacin babu katangar nan. Fili ne, sai ciyawa, sai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun kafin a haifi Kaka, an rufe bakinta da guntun langa-langa.

A nan ya ci gaba da gyaransa. In ya juye baƙin mai, sai ya ɗaga langa-langar ya tuttule a rijiyar, da zafinsa. Ruwan mataccen batir ma can. Tsumman da ya sha fetur ma can. Shi a ganinsa ya sami juji a kusa.

Sai abubuwa suka fara.

Ya jera sifanu, ƙarafan kwance noti, a akwati da yamma. Da safe ya tarar da su a waje, an kakkafa su a ƙasa kamar an shuka. Ya ɗaure noti da hannunsa, washegari ya same shi a sake. Rannan ya ɗauko Kaka za su asibiti, zai hau titi, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya sa a hankali yake tafiya, ya kara motar da tarin yashi. Ya leƙa ƙarƙashi. Bututun man birki ba tsinkewa ya yi ba. Kwance shi aka yi. Da ya koma kango ya tarar da notin bututun a kan wani dutse, an goge shi tas.

Bai ga wanda ya yi ba. Amma ya fara kallon babanku. Ana cin tuwo yana duban farcensa, ko zai ga baƙin mai. Ya tambayi mamata wa ya riga kowa fita da safe. Ya share kangon da tsintsiya don ya kama sawu. Gari ya waye, babu sawun kowa, sifanu kuma a tsaye.

Ya ce, "Mai wayo ne. Yana share bayansa."

Daga ƙarshe ya kasa riƙewa. Suna kan kwano ya ce, "Haladu, in sayar da motar kake so, sai ka haɗa da ran Inna?"

Babanku ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Ni kake nufi, Yaya?"

"Mu nawa ke da makullinta?"

"Cewa ka yi na yi?"

"Tambayarka na yi."

Babanku ya ciro makullinsa ya ajiye a tabarma, ya wanke hannu, ya fita. Daga ranar suka raba kwano. Gaisuwa ma sai a gaban Kaka.

Baba ya ƙudura ba zai gyara birkin ba sai ranar da Haladu ba ya gari. Ranar kasuwar Ɗanja babanku ya tafi da buhunan barkono tun da safe. Baba ya ga tafiyarsa da idonsa. Ya jira rana ta take, unguwa ta yi tsit. Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar gaba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Ya saba kara kututture bayan jak. Ranar sauri yake, bai kara ba.

Tsakar rana. Ko kaza ba ta motsi.

Sai ya ji an tsaya a gefen motar. Babu sallama.

"Sannu da aiki, Yaya."

Muryar Haladu ce.

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa, ashe ƙaryar kasuwa ya yi min. Bai ko juya ba.

"Ka fasa kasuwar?"

"Na fasa."

"To miƙo min sha uku."

Ya miƙa hannu waje, aka sa masa sifana. Ita ce kuwa. Amma sanyi gare ta kamar an tsamo ta daga randa, alhali akwatin a rana yake.

Ya ci gaba da ɗauri. Mai muryar ya ce, "Yaya ƙarfe ma yana tsufa wata rana za ta tsaya mana da Inna a daji."

Hannun Baba ya tsaya. Maganar Haladu ce, kalma bayan kalma. Amma mutum in yana magana yakan ja numfashi. Wannan bai ja ba.

Ya juya kai a hankali. Kun san wanda ke ƙarƙashin mota ƙafafu kawai yake gani.

Ƙafafu biyu, babu takalmi. Dogaye, sirara. Baƙin mai ya shafe su har ƙwauri, yana ɗiga. Dugadugan ne ke fuskantar Baba. Yatsun suna kallon rijiya. Amma gwiwoyin ta wajensa suka lanƙwaso, irin na mai tsugunno yana leƙe.

A gefensu wasu ƙanana, na yarinya. Su ma haka.

Ladiyo, sassauta, kina matse min hannu.

Baba ya buɗe baki zai nemi tsari. Sai ya ji jak yana kuka. Sauka yake. Ƙarfen ƙasan motar ya taɓa rigarsa. Ya zauna a ƙirjinsa. Ya tsaya a nan.

Muryar ta canja. Ta zama ta tsohuwa, kuma kamar daga cikin ƙasa take fitowa, ta ƙarƙashin kwalin da yake kwance.

"Ka san mu?"

"A'a."

"Mu mun san ka. Mun san ubanka. Bai taɓa zuba mana komai ba."

Baba yana jan numfashi rabi-rabi.

"Rijiyar nan gidanmu ce tun tana da ruwa. Ka ƙona min jika. Idonta ya rufe. Mun kafa maka ƙarafa don ka gane, ba ka gane ba. Ka tafi kana duban farcen ƙaninka."

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

Ya yi ƙarfin hali ya ce, "Birkin fa? Uwata tana ciki."

Muryar ta yi ƙasa.

"Samarinmu ne suka yi wannan. Na hukunta su."

"Me kuke so?"

"Gidan ya ɓaci, ba ya zaunuwa. Kai ka ɓata, kai za ka kai mu wani. Yau da almuru. Ka buɗe ƙofofin baya ka ba su baya. Ka bi hanyar fadama. In an taɓa kafaɗarka ka tsaya. Ban da kallon madubi."

"Na yarda."

"Fito."

Nauyin ya ɗaga. Ya ja jiki ya fito. Babu kowa. Jak ɗin yana can yashe a cikin ciyawa. Motar kuma a sama take, babu tayar gaba, babu abin da ya tare ta. Yana kallo ta sauko a hankali, ta kwanta a kan kwalin da ya tashi.

Da la'asar babanku ya dawo daga kasuwa, da ƙaiƙayin barkono a rigarsa. Mamata ta ce masa yayansa bai shigo cin abinci ba. Ya yi kamar ba zai je ba, sannan ya zaga kangon. Ya tarar da shi zaune a ƙasa, ya kasa ko riƙe sifana.

Baba ya kalli ƙafafun babanku tukuna. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Haladu, na zalunce ka." Ya faɗa masa komai.

Babanku bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗauko jak daga cikin ciyawa, ya mirgino kututture ya kara, ya ce, "Faɗa min wanda zan ɗaure." Shi ya shiga ƙarƙashi. Baba yana faɗa, yana ɗaurewa. Suka zuba man birki, suka mayar da taya.

Da rana ta yi ja, babanku ya ce, "Da ni za a je."

"Ba a ce da kai ba."

"An ce ban da ni?"

Suka buɗe ƙofofin baya da ta but, wato wurin kaya, suka juya suna kallon bangon gida. Da farko shiru. Sai motar ta fara kuka kamar ana loda buhuna. Suka ji ƙarar ƙwarya tana gugar ƙwarya. Suka ji warin tsohuwar laka da ƙonannen mai. Wata ƙaramar murya ta yi tari, aka rarrashe ta. Sannan ƙofofin suka rufe kansu, ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya cire hularsa ya kifa a kan madubi. Suka shiga suna kallon gaba.

Motar ta yi nauyi, salansar hayaƙi tana jan ƙasa. A bakin gari wata mai tallar nono ta matsa gefe za su wuce. Ta kalli kujerar baya, ta sauke ƙwaryarta ta bar ta a nan, ta shiga gona da gudu.

Babanku yana karatu a cikin ƙirjinsa. Wuyan Baba yana jin sanyi, kamar akwai fuska dab da ƙeyarsa.

A hawan da ke kafin fadama lagireto ya tafasa. Tururi ya fara fita ta murfin inji. Motar ta fara shiƙa, tana ja baya-baya. Duhu yana sauka. Baba ya dafa sitiyari ya ce a hankali, "Dattijuwa, ba yau ba."

Daga baya tsohuwar ta ce, "Taka."

Ya taka. Motar ta haye.

Can ƙasa, inda duwatsu suka kewaye wani ruwa, aka dafa kafaɗarsa. Yatsu masu sanyi, sun fi na mutum tsawo. Ya tsaya. Ƙofofi suka buɗe. Motar ta riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan har ta daidaita. Ciyawa tana kwanciya, tana tashi, ta nufi duwatsun.

Muryar tsohuwar ta zo ta tagar babanku.

"Kai aka zarga saboda mu. Abin da ke kan kujera naka ne."

Sai da kwaɗi suka ci gaba da kuka suka iya juyawa. A kan kujerar baya ga ɗan ƙoƙo cike da ruwa, fal, bai zube ko ɗigo ba. A ƙasan kujerar kuma tabon baƙin mai, manya da ƙanana.

Baba ya ce, "Kada ka sha."

"Ba sha zan yi ba."

Babanku ya fita da ƙoƙon. Ya ɗaga murfin inji, ya jira tururin ya lafa, ya buɗe lagireto da gefen rigarsa. Ya yi bisimilla ya juye ruwan a ciki. Ya ajiye ƙoƙon a kan dutse, ya dawo ya zauna.

"Mu je gida, Yaya. Jibi ne asibitin Inna."

Tun daga ranar Dattijuwa ba ta ƙara tafasa ba. Ko a bazara, ko da kaya. Kowane abu nata yana lalacewa ana gyarawa, ban da wannan. Washegarin dawowarsu daga fadama suka cike rijiyar da ƙasa, su biyu. Baƙin mai kuwa a jarka Baba yake tara shi, masu shafa wa katako su zo su ɗauka.

Yaya Sahura ta gyara zama. Ta dubi Mudi.

"Na ga kana son shiga ƙarƙashin motar nan in babu kowa. Kada ka ƙara. Da rana ko da almuru, sai da wani a tsaye wanda ka ga fuskarsa. In kana ciki aka kira ka da muryar da ka sani, kada ka miƙa hannu. Dubi ƙafa tukuna. Hanyar fadama kuma ba a binta mutum ɗaya."

Ladiyo ta ɗago kai daga cinyarta, muryarta can ƙasa.

"Yaya, yarinyar fa? Idonta ya buɗe?"

Yaya Sahura ta fara naɗe bakin tabarma.

"Babu wanda ya koma ya tambaya. Ku tashi mu shiga ciki."