Mai Katifar da Ba Ya Kwanciya

Ni na binne sa'o'ina kaf, ga ni nan da haƙorana. Ban yi boko ba, amma in maganar jiri a kan gado ce, ku matso. Na ga ƙarshensa a gidan ƙanena, mai ɗinkin katifa.

Kasuwa ta ƙi shi, ya ja ni rakiya wurin wani boka. Ɗaki ne babu taga, an rarrataye tsofaffin matasan kai a rufi, kowanne da tabon kan mai shi, suna juyawa a hankali alhali babu iska.

Ƙanena ya ce, "Malam, jini ne kawai ba zan iya ba."

"Wa ya ce ka yanka ko da kaza? Ba kuna gwada katifa kafin ku sayar ba? To, duk wadda ka ɗinka, wani naka ne zai fara kwanciya a kanta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan." Ya miƙa masa wata baƙar basilla.

Na ce, "Kai, tashi mu tafi."

"Yaya, kai dai tsoro ne ya hana ka arziki."

Arziki kuwa ya zo, shago ya zama masana'anta. Matarsa ce mai gwaji. Da ta kwanta sai ta ce ɗaki yana juyawa da ita. Likita ya duba kunne, ya auna jini, ya ce ta riƙa shan ruwa, ta daina tashi da sauri. Mutane da yawa da hakan suke warkewa. Ita kuwa ta rasu tana ƙanƙame da gefen gado. Babbar 'yarsa ta karɓi gwajin, ta bi uwarta. Ɗansa ma ya gwada, yana nan a titi yana juyi, hannuwa a buɗe.

Rannan ya kawo mini sabuwar katifa. "Yaya, bayanka ya tsufa, gwada wannan."

Na dube shi, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗauki abarka, tabarmata ta ishe ni."

Da nasa suka ƙare, shi ya kwanta. Tun ranar, kansa na taɓa matashi sai ƙasa ta koma sama. Ma'aikata suka watse. Yanzu a tsaye yake gyangyaɗi, ɗaure a jikin ginshiƙi, ƙafafu sun kumbura.

Duk wanda kwaɗayi ke ja zuwa wurin boka, ya biya ya ga ƙanena tukuna. Mutuwa yake roƙo, kuma tsoronta yake, don ya san a kabari kwantar da shi za a yi.