Ƙofar Kogi

A can wani zamani an yi wani masunci a bakin wata fadama, shi da tsohuwar mahaifiyarsa. Kowace damina kogi yakan cika ya malala cikin ciyawa, kifaye su biyo ruwa su zuba ƙwai. Idan ruwa ya fara janyewa, masunta sukan tare hanyarsa da shingen kara, amma su bar 'yar kafa a gefe don ƙananan kifaye su koma gida. Ita ake kira ƙofar kogi.

Wata shekara masuncin ya ga 'ya'yan tarwaɗa suna tururuwa ta kafar, sai ransa ya biya. Ya ɗebo laka ya toshe ta.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, buɗe wa kogi ƙofarsa."

Ya ce, "Inna, kogi ba ya rasa kifi."

Ya cika kwanduna ya shanya, saura ya ruɓe.

Damina ta zagayo, ruwa ya malala, amma ko motsi babu a cikinsa. Zalɓe ya zo ya tsaya, ya gaji ya tashi. Maƙwabta suka naɗe tarunsu suka yi ƙaura. Tsohuwa ta yi ta shan miya lami har ta kwanta, ba ta sake tashi ba.

Da ruwa ya fara janyewa, masunci ya kafa shinge, ya bar kafa mai faɗi. Ya zauna a bakinta ya ce, "Inna, ga shi na buɗe."

Ruwa kaɗai ya wuce.